ƘOFAR DA KE GABAN KWAMFUTA: YAWAN RAMUKA BA YA ƘARA FAƊIN HANYA

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai ɗaukar hoto, ko wurin buga takardu na kuɗi, ko rumfar masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwa, da wuya a ce bai ga kwamfutar tebur ba, watau irin mai akwati a tsaye wanda a ke ajiyewa a gefen allo. In ya lura da gaban akwatin nan, sau da yawa zai ga wani ɗan faranti mai ramuka a jere, waɗansu sirara ƙwarai, waɗansu kuwa masu ɗan faɗi. Sirarun ramukan na na'urar karanta kati ne, inda a ke cusa katin ajiya wanda jama'a su ke kira memori. Masu faɗin kuma na mararrabar USB ne, wadda masu gyara su ke kira hob, aikinta shi ne ta mai da kafa ɗaya ta zama uku ko huɗu ko fiye.

Cikin dukan kayan da ke jikin kwamfuta da wuya a sami wanda ya kai wannan faranti araha, kuma da wuya a sami wanda a ke rena shi kamarsa. Alhali kuwa ta cikinsa ne hotunan biki da na suna, da takardun makaranta, da karatun malamai, da lissafin 'yan kasuwa su ke shiga su fita kullum. In ya yi gardama, aikin yini guda ya kan zama na kwana biyu. In kuwa ya ci amana, abin da aka ɗauka a wurin ɗaurin aure ya salwanta ke nan, ga shi ba a sake ɗaura aure don a sake ɗaukar hoto.

Kafin a yi nisa ya kamata a kau da wani ruɗani. A ƙasar nan da an ce na'urar karanta kati, tunanin mutane ya kan tafi ga na'urar nan da hukumar zaɓe ta INEC ta yi aiki da ita a zaɓen 2015 don tantance katin masu jefa ƙuri'a, wadda daga baya aka maye gurbinta da BVAS. Waccan dabam, wannan dabam. Wadda a ke magana a kanta a nan ba ruwanta da ƙuri'a, iyakar aikinta ta kwaso abin da ke cikin katin kyamara ko na wayar hannu ta miƙa wa kwamfuta, ko ta karɓo daga kwamfuta ta zuba a kati.

GADON FULOFI

Gurbin da farantin nan ya ke zaune a ciki ba don shi aka yi shi ba tun asali, gado ya ci. Mazauninsa na farko shi ne injin faifan fulofi mai faɗin inci 3.5, wanda kamfanin Sony na Japan ya fito da shi a farkon shekarun 1980. Faifan nan, a irin da ya fi yaɗuwa, megabait 1.44 kaɗai ya ke ɗauka, abin da a yau bai isa hoto guda na wayar zamani ba. Duk da haka ya yi kusan shekara ashirin yana mulki a ofisoshin duniya. A 1998 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar iMac ba tare da injin fulofi ba, aka yi ta surutu a kan wannan kasada, amma sannu a hankali sauran kamfanoni su ka bi sahu. A 2011 Sony da kansa ya daina ƙera faifan.

To, da fulofi ya kau sai ya bar kango a gaban miliyoyin akwatunan kwamfuta. Masu ƙera kaya kuwa ba su bar kangon nan ya zauna a banza ba, su ka yi faranti daidai girmansa, su ka jera masa ramukan kati da na USB. Akwai kuma babba wanda a ke sawa a gurbin inci 5.25, watau mazaunin injin faifan CD da DVD. Don a gane nisan tafiyar da aka yi, katin gigabait 32, wanda bai fi farcen yatsa ba, yana ɗaukar abin da sai an tara faifan fulofi sama da 22,000 kafin su ɗauka.

YADDA AKA SAMI USB

Kafin zuwan USB, bayan kwamfuta ya kan zama kamar bakin kasuwa, kowace na'ura da irin tata kafar. Injin buga takarda da tasa, allon rubutu da tasa, linzami da tasa, kuma sau da yawa sai an kashe kwamfuta an sake kunnawa kafin ta san an haɗa mata sabon abu. A 1994 manyan kamfanoni bakwai, watau Compaq da DEC da IBM da Intel da Microsoft da NEC da Nortel, su ka haɗa kai don a yi kafa guda wadda za ta wadatar da kowa. Cikin injiniyoyin da su ka yi fice a wannan aiki har da Ajay Bhatt na kamfanin Intel, haifaffen ƙasar Indiya. A watan Janairu na 1996 aka fito da tsarin farko, mai gudun megabit 12 a daƙiƙa.

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. A watan Afrilu na 1998, a wani babban taron baje kolin kwamfuta a birnin Chicago na Amurka, ana cikin nuna wa jama'a Windows 98, ga Bill Gates a tsaye, aka haɗa injin kwafar hoto ta USB, sai kwamfutar ta tsaya cik a gaban dubban mutane. Amma wannan bai hana tsarin ci gaba ba. A 2000 aka fito da USB 2.0 mai gudun megabit 480, a 2008 aka fito da USB 3.0 mai gudun gigabit 5, watau sama da ninki goma na wanda ya gabace shi. A 2014 kuma aka zo da ƙaramar kafar nan ta USB-C wadda ba ta da sama ba ta da ƙasa, ko ta wane gefe aka cusa ta za ta shiga.

Tun daga tushe an tsara USB ne kamar bishiya mai rassa. Kafa ɗaya tana iya rabuwa ta hanyar mararraba, ita ma mararrabar a sake jona mata wata, har guda biyar a jere, kuma bisa ƙa'ida na'urori 127 su na iya rataya a jikin tushe guda. Wannan lissafi ne na takarda, domin tun kafin a kai ko kusa da haka hanya ta kan cushe, wuta kuma ta kan gaza.

RIKICIN KATUNA

Mai karatu zai so ya san dalilin da ya sa na'urar karanta kati ta ke da ramuka iri-iri har haka. Dalili kuwa shi ne gasar kamfanoni. Bayan da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya ƙago ma'ajiyar filas a shekarun 1980, watau irin ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, sai kowane kamfani ya so a ce katinsa ne duniya za ta bi. SanDisk ya fito da CompactFlash a 1994, Toshiba ya fito da SmartMedia a 1995, SanDisk da Siemens su ka fito da MMC a 1997, Sony ya fito da Memory Stick a 1998. A 1999 SanDisk da Toshiba da Matsushita, mai tambarin Panasonic, su ka haɗu su ka yi katin SD. A 2002 kuma Olympus da Fujifilm su ka ce su ma ba a bar su a baya ba, su ka fito da xD.

Mai shagon wanke hoto a wancan lokaci bai san irin katin da baƙo zai shigo da shi ba, saboda haka tilas ya nemi na'ura mai karɓar kowane iri. Daga nan ne aka fara rubuta lambobi masu ban mamaki a jikin kwali, a ce na'ura tana karanta kati iri hamsin ko fiye, alhali kuwa ramukanta ba su wuce biyar ko shida ba, sauran duk 'yan uwan juna ne aka ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe SD ne ya yi rinjaye, shi da ƙanensa microSD wanda ya sami wannan suna a 2005, shi ne kuwa memorin da ya cika wayoyin hannu. SmartMedia da xD sun shuɗe, CompactFlash kuma ya rage a hannun masu tsofaffin manyan kyamarori.

Har ila yau shi kansa SD hawa-hawa ne. Na asali ya tsaya a gigabait 2. SDHC na 2006 ya kai gigabait 32, SDXC na 2009 kuma ya kai terabait 2. Siffarsu ɗaya ce, duk su na shiga rami guda, amma na'urar da aka ƙera kafin zuwan SDHC ba ta gane shi. Haka kuma tsohuwar kwamfuta wadda ba ta san tsarin exFAT na manyan katuna ba ta kan ce katin yana bukatar fomatin. Wanda bai sani ba ya danna amincewa, ya share aikinsa da hannunsa.

ABIN DA KE BAYAN FARANTI

A nan ne gundarin maganar ya ke. Mai saye ya kan tsaya yana ƙirga ramukan da ke gaba, alhali kuwa abin dubawa shi ne igiyar da ke fitowa ta baya. Ramuka ko goma ne, dukansu ta igiyar nan su ke bi su isa babban allon kwamfuta, wanda masu gyara su ke kira madabod. Misalinsa kamar gari ne mai unguwanni da yawa amma gadarsa guda. Ko an ƙara tituna nawa a cikin gari, motocin da za su ƙetare kogi a sa'a guda ba za su ƙaru ba sai an faɗaɗa gadar.

A jikin babban allo akwai mazaunai iri biyu da a ke jona igiyar. Na USB 2.0 yana da tsinke 9, na USB 3.0 kuwa yana da tsinke 19, kuma kan igiyarsa ya fi kauri, galibi shuɗi ne. Na'urar da igiyarta ta ke da kai mai ramin tsinke 9, to gudunta na USB 2.0 ne, kome aka rubuta a kwali. Megabit 480 ɗin nan, in aka raba shi takwas, megabait 60 ne a daƙiƙa, kuma a aikace abin da a ke samu bai cika wuce 35 zuwa 40 ba. Ke nan kwashe cikakken katin gigabait 32 zai ci kusan minti 15. In an bi ta USB 3.0 da kati mai kyau irin UHS-I, wanda iyakar gudunsa megabait 104 ne, aikin zai ƙare cikin wajen minti shida. In kuwa aka cusa kati huɗu a lokaci guda a mararrabar USB 2.0, gudun nan guda za su raba a tsakaninsu, kowa ya sami ɗan abin da ya samu.

Ga mai gida wanda ya kan kwashe hotuna sau ɗaya a wata, bambancin nan ba wani abin damuwa ba ne. Amma ga mai sana'ar turi, wanda mutane su ke tsaye a gabansa kowa da memorinsa a hannu, ko mai ɗaukar bidiyon biki wanda ya dawo da katuna cike, minti tara a kan kowane kati kuɗi ne. Katin UHS-II ma, mai gudun da ya kai megabait 312, yana da layi na biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa, in na'urar ba ta da abokan haɗin wannan layi sai ya koma tafiyar UHS-I, an yi asarar kuɗin da aka ƙara wajen sayensa.

Launi kaɗai ba shaida ba ne, domin shuɗiyar roba ba ta da tsada. Wanda ya ke so ya tabbata sai ya haska cikin ramin. Kafar USB 2.0 haƙora huɗu gare ta, ta USB 3.0 kuwa tara, watau huɗun nan da ƙarin biyar. Kyan ɗan maciji ya yi yawa a kasuwa, daga Computer Village ta Ikeja har zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano akwai nagari akwai na jabu, sai dai mai saye ya buɗe ido.

RABON WUTA

Ba saƙo kaɗai igiyar USB ta ke ɗauka ba, har da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 5. Bisa ƙa'ida kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500, ta USB 3.0 kuwa 900. Mararrabar da ba ta da tata wutar, daga ɗan abin nan za ta ci, ta kuma ciyar da duk wanda aka jona mata. A tsarin USB 2.0 abin da aka yi wa kowace kafa ta irin wannan mararraba alkawari miliamfiya 100 ne kacal. Wannan ya ishi linzami da allon rubutu, amma bai ishi faifan ajiya na waje mai juyawa ba, wanda ya ke bukatar wuta mai yawa, musamman a lokacin da ya ke tashi.

Alamun ƙarancin wuta sanannu ne ga masu gyara. Faifai ya riƙa ƙara ƙas-ƙas ba ya tashi, ko na'ura ta bayyana ta ɓace ta sake bayyana, ko kwafi ya yi nisa sai ya yanke. Yankewar nan ita ce mai haɗari, domin in wuta ta gaza a daidai lokacin da a ke rubutu a cikin kati, teburin da ke nuna inda kowane fayil ya ke yana iya lalacewa, kati ya koma kamar ɗakin karatun da aka ƙone littafin rajistarsa. A nan ne mararrabar cikin akwati ta fi ta waje, domin nagarinta ta kan zo da igiya ta biyu wadda a ke jonawa kai tsaye ga akwatin wutar kwamfuta, ta irin mahaɗin da a ke ba faifan SATA wuta. Mutane da yawa su kan bar igiyar nan tana reto don sun ga na'urar ta kama ba tare da ita ba, sai ranar da aka ɗora mata kaya sa'an nan a ga aibin.

Ɗaukewar wutar gari ma haka ta ke yi wa kati. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu, saboda haka duk wanda abincinsa ya ke kan kwashe katunan mutane, na'urar riƙe wuta ta UPS ta zame masa tilas.

WAJEN ƊAURAWA

Ɗaura farantin nan ba aiki ne mai wuya ba, amma yana da ƙa'ida. A kashe kwamfuta, a zare igiyarta daga bango, sa'an nan a taɓa ƙarfen akwatin don a sauke wutar da jiki ya kan tara, wadda ta fi yawa a lokacin hunturu. A karanta rubutun da ke gefen mazaunin kafin a jona. Waɗansu tsofaffin alluna su na da mazaunin FireWire, wanda a kan rubuta 1394 a gefensa, siffarsa kamar ta USB 2.0, amma wutarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, in aka yi kuskuren jonawa a nan na'ura da abin da ke cikinta su na iya ƙonewa. Tsinkayen mazaunin USB 3.0 kuma sirara ne, ba su son ƙarfi.

Kwamfutocin ofis na hannu da a ke shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗansunsu ba su da mazaunin tsinke 19, waɗansu kuma mahaɗin gabansu na kamfaninsu ne kaɗai. Maganin wannan shi ne ƙaramin allon USB 3.0 da a ke sawa a ramin PCIe. Sababbin akwatuna da yawa kuwa ba su da gurbin gaba ko kaɗan, mai irinsu sai ya nemi na'urar waje.

Bayan ɗaurawa, in kwamfuta ta nuna faifai uku ko huɗu da ba kome a cikinsu, ba lalacewa ba ce, kowane rami ne aka ba shi harafinsa. In kati ya ce an kulle shi alhali ɗan makullin gefensa a buɗe ya ke, sau da yawa laifin na'urar ne, domin makullin nan ba ya haɗe da kome a cikin katin, wani ɗan ƙarfe ne a cikin ramin ya ke taɓa shi, ƙura kuwa tana iya hana shi aiki. Ramin CompactFlash kuma tsinke 50 gare shi, in aka tura kati a karkace ɗaya ya lanƙwashe, sai gyara ko sauyi.

BAƘON DA KE SHIGOWA TA ƘOFA

Ƙofar da kaya su ke shiga, ta nan ɓarawo ma ya ke shiga. A 2008 wata ƙwayar cutar kwamfuta ta kutsa cikin kwamfutocin sojan Amurka ta hanyar filas, har hukumar tsaron ƙasar ta hana amfani da filas na wani lokaci. A 2010 aka gano Stuxnet, wadda ta lalata injunan tace yuraniyam a Natanz ta ƙasar Iran, ita ma filas na cikin hanyoyin da ta ke yaɗuwa. A 2014 kuma masana biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, su ka nuna cewa ana iya sauya ƙwaƙwalwar filas ya yi shigar allon rubutu, ya riƙa ba kwamfuta umarni a ɓoye. In manyan hukumomi sun faɗa wannan rami, ina ga kwamfutar shago wadda kati ɗari ya ke ratsawa a yini? Cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gunkin banza a madadinsu, ta irin wannan hanya ta ke zagaya gari.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka sauya wa lissafi ya riƙa cewa gigabait 64 ne alhali bai fi 8 ba. Yana karɓar kaya kamar gaske, amma da ya cika sai abin da aka ƙara ya bi ruwa. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika kati da gwaji ta karanta, ta faɗi gaskiyar girmansa. In kuwa an share hotuna bisa kuskure, a daina amfani da katin nan take, domin muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba manhaja irin PhotoRec tana iya dawo da su.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe bai fi huɗu ba: ya dubi kan igiya ya ƙirga tsinke, ya tabbata akwai igiyar wuta ta biyu kuma an jona ta, ya tambayi irin katin da na'urar ta ke ganewa, sa'an nan ya saba da sallamar kati daga kwamfuta kafin ya zare shi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wanda mutane su ka damƙa wa hotunan aurensu da takardun 'ya'yansu amana ce a hannunsa, kuma kada ya share kati sai ya ga kwafi biyu a wurare biyu da idonsa. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a.